Labarin Kifin Shak Da 'Yan'uwansa

Bara, lokacin da aka rarraba mu makarantun firamare don gwajin koyarwa, ni sai aka tura ni wata makaranta a ƙasar Kauru. Ran nan ina koya wa 'yan aji biyar labarin ƙasa, muna cikin maganar koguna, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, akwai shak a rafinmu?" Na tambaye shi inda ya san shak. Ya ce a wayar yayansa ya gani, wani ƙaton kifi ya haɗiye mutum har da kwalekwalensa. Nan da nan aji ya kaure, kowa yana kawo nasa labari. Na ce musu babu shak a rafinsu, suka yi ajiyar zuciya.

Da aka tashi, ina kan hanyar komawa masauki, sai na iske huɗu daga cikin yaran nan sun tuɓe suna faɗawa cikin rafi. Ga shi kuwa an kwana ana ruwa, rafi ya kawo har ya yi ja. Wanda ya yi mini tambayar shi ne a gaba. Yaro yana tsoron kifin da ke nesa da shi wajen mil 400, amma ruwan da ke iya cin sa a yinin nan bai ɗauke shi a bakin kome ba.

Tun daga ran nan na ga ya kamata mu da za mu zama malamai mu san gaskiyar labarin kifin nan, don mu iya faɗa wa yara abin da yake daidai, kuma mu koya musu auna tsoro da ma'aunin da ya dace. Abin da na tattara ke nan na kawo muku.

Wane Irin Kifi Ne Shak?

Shak sunan da Turawa suka ba shi ne, mu kuwa muka ara, don ba kifin ƙasarmu ba ne. Kuma ba iri ɗaya ba ne. Masana sun ƙidaya fiye da iri 500, suna zaune cikin dukan tekunan duniya, daga bakin gaɓa har zuwa zurfin da hasken rana ba ya kaiwa.

Abu na fari da ya raba shi da tarwaɗa da karfasa da giwar ruwa shi ne, shak ba shi da ƙashi. Duk ginshiƙin jikinsa guringuntsi ne, irin wanda kuke ji in kun murza kunnenku. Na biyu, kifayenmu suna da marfi ɗaya a kowane gefen kai inda ruwa ke fita in suna numfashi, shi kuwa tsaguna ne gare shi a jere, biyar ko shida ko bakwai, ba marfi. Na uku, wanda ya taɓa gyara kifi ya san 'yar jakar iskar nan da ke cikin cikinsa, wadda ke hana shi nutsewa. To, shak ba shi da ita. A maimakonta yana da ƙatuwar hanta cike da mai, kun kuwa san mai a bisa ruwa yake tsayawa.

Fatarsa ba ta da ɓawo irin na karfasa. An lulluɓe ta da waɗansu ƙananan ƙayoyi masu siffar haƙori. In ka shafa daga kai zuwa wutsiya sai ka ji santsi, in ka komo da hannu baya sai ta kankare ka kamar magagari. Haƙoransa kuma sahu-sahu suke. In na gaba ya faɗi, na baya ya matso ya maye gurbinsa. Ta haka shak ɗaya yakan zubar da haƙora dubbai a rayuwarsa. Ku riƙe wannan magana, za mu komo gare ta in mun zo labarin Sakkwato.

Yana da ƙarfin jin wari ƙwarai, yana kuma jin motsin ruwa tun daga nesa. Banda wannan akwai wani abin mamaki. Kun san minjirya, kifin nan namu mai jan mutum da wutar lantarki in ya taɓa shi. Kowace dabba mai rai tana fitar da 'yar wutar lantarki kaɗan in tsokarta ta motsa, amma ba ta kai yadda mu za mu ji ba. Shak yana da waɗansu 'yan ramuka a hancinsa waɗanda ke jin wannan wuta, har yakan gane kifin da ya binne kansa cikin yashi. Wani masani na Italiya, Stefano Lorenzini, ya bayyana siffar ramukan nan a 1678, amma sai bayan kusan shekara 300 aka gane aikinsu.

Babban Cikinsu Da Autansu

Wanda ya fi duka girma bari mu kira shi giwar shak. Shi ne kifi mafi girma a duniya. Tsawonsa yakan kai ƙafa 40, an kuwa taɓa auna wanda ya kai wajen ƙafa 60. Mai ƙafa 40 yakan fi tan 15 nauyi, watau kamar giwaye uku. Faɗin bakinsa kusan ƙafa 5 ne. Jikinsa yana da fararen ɗigo-ɗigo kamar na zabo, kuma ba a samun biyu masu zane iri ɗaya, har masana sukan gane kowanne da zanensa. Wani likita mai suna Andrew Smith shi ya fara rubuta siffarsa, bayan da aka soki ɗaya a bakin tekun Kef Taun, a Afirka ta Kudu, a 1828.

To, me kuke tsammani wannan ƙato yake ci? Ƙananan halittu ne masu yawo cikin ruwa, da ƙwan kifi, da 'yan jatan lande, waɗansu ma ba su kai ƙwayar gero ba. Yakan buɗe baki ya kwashi ruwa, ya tace shi kamar yadda mata ke tace gasara, ruwa ya fita ta tsagunan nan, abinci ya tsaya. Maƙogwaronsa kuwa 'yan inci kaɗan ne faɗinsa, ko ya so haɗiye mutum ba hanya. Mutane sukan yi iyo dab da shi suna ɗaukar hotonsa, ko kallonsu ba ya yi. Mai bi masa a girma, wanda ake gani a tekun Ingila yana shawagi a bisa ruwa kamar mai shan hantsi, shi ma tace ruwa yake yi, ba ya cin mutum.

Autansu kuwa, wanda ke zaune can cikin zurfi a tekun Kolombiya da Benezuwela, tsawonsa inci 8 ne, bai kai rular da kuke ja wa allo layi da ita ba. Cikinsa yana ba da haske cikin duhu kamar makesu. Galibin irin shak sun fi kusa da auta bisa ga babban, don wajen rabinsu ba su wuce ƙafa 3 ba. Kun ga ke nan girma dabam, mugunta dabam.

Uku Da Ake Tsoro

Cikin iri 500 ɗin nan, uku ne suka ɗauki yawancin laifin kisan mutane.

Na fari shi ne farin shak, ko da yake cikinsa kaɗai ne fari, bayansa toka-toka ne. Babba yakan kai ƙafa 20, nauyinsa wajen tan 2. Haƙoransa masu kusurwa uku ne, gefensu da tsaga-tsaga kamar zarto. Ya fi son ruwa mai sanyi, irin na Afirka ta Kudu da Ostareliya da Kalifoniya. Abincinsa kifi ne da wata dabbar teku mai kitse da ake kira sil. Yakan taso mata daga ƙasa da gudu, har wani lokaci ya yi tsalle ya fito waje ɗungum. Matafiyi ne kuma. A 2003 masana suka liƙa wa wata mace na'ura a Afirka ta Kudu, ta ƙetare teku zuwa Ostareliya, wajen mil 6,800, cikin kwana 99. Kafin shekara ta kewayo an sake ganinta a inda ta tashi.

Na biyu shi ne mai zane, wanda Turawa suka sa wa sunan damisar ƙasar Indiya saboda ratsin da ke jikinsa, ko da yake ratsin yakan dushe in ya tsufa. Tsawonsa ƙafa 10 zuwa 14, wani ya fi haka. Ruwan ɗumi yake so, da dare kuma yake matsowa gaɓa. Shi ne kurar teku, ba ya zaɓen abinci. Yana cin kifi da kunkuru da tsuntsu da mushe, an kuma sha samun gwangwani da tayar mota da lambar mota a cikinsa.

Na uku shi ne bijimin shak, gajere kakkaura, ƙafa 7 zuwa 11. Wannan shi ya fi cancanta mu lura da shi, don shi ne mai shiga kogi. Yawancin kifin teku in suka daɗe cikin ruwan da ba gishiri sai su mutu, shi kuwa ƙodarsa tana iya daidaita gishirin jikinsa. A Afirka ta Kudu da sunan Kogin Zambezi ake kiransa, don yawan shigarsa can. Yana zaune a Tafkin Nikaraguwa. An kama shi a Kogin Amazon wajen garin Ikitos na ƙasar Peru, fiye da mil 2,000 daga teku, an kuma kama wani a Kogin Misisipi, a garin Alton, a 1937. Ya fi son ruwa mai laka marar zurfi, inda mutane ke wanka da su, shi ya sa hanyarsa da tasu suke yawan gamuwa.

Na san wani zai ce, "Ashe yaron nan yana da gaskiya?" Bari mu bi ruwan Kauru mu gani. Rafukan ƙasar suna gangarawa Kogin Kaduna, shi kuma ya bi ta Shiroro ya faɗa Kwara wajen Pategi, Kwara ta haɗu da Binuwai a Lokoja, sa'an nan su tafi teku. Kifin da zai hau wannan hanya sai ya ci karo da duwatsu da gangare, ga kuma madatsar ruwa ta Shiroro wadda aka gama a 1990. Saboda haka malami ya iya faɗa wa yara da ƙarfin zuciya, babu shak a rafinsu.

Waɗansu Masu Ban Mamaki

Akwai mai kan guduma. Kansa shimfiɗe yake, ido ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan. Babban irinsu yakan kai ƙafa 20. Faɗin kan nan yana taimakonsa gani ko'ina, yana kuma ba 'yan ramukan nan masu jin lantarki fili, sai ya riƙa kaɗa kai bisa yashi kamar mai shara. Duk da munin halittarsa, da wuya a ji ya kashe mutum.

Akwai na tekun ƙanƙara, wajen Girinlan, mai tafiya sannu kamar hawainiya. A 2016 masana suka auna shekarun waɗansu ta wurin ƙwayar idonsu, suka tarar babbar cikinsu ta haura shekara 270, mai yiwuwa ma ta kusa 400. Watau an haife ta tun kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Mace ba ta fara haihuwa sai ta yi wajen shekara 150.

Akwai kuma mai farin fiffike, mazaunin tsakiyar teku, wanda ma'aikatan jirgin ruwa suka fi tsoro, don shi ne mai zuwa in jirgi ya nutse. A ƙarshen Yuli 1945, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, Japanawa suka nutsar da wani jirgin yaƙi na Amurka mai suna Indianapolis. Cikin mutum kusan 1,200 da ke ciki, wajen 900 suka faɗa ruwa da rai, suka yi kwana huɗu kafin a gan su. Mutum 316 kaɗai suka tsira. Shak ya ci waɗansu, amma yawancinsu ƙishirwa da rauni da rana da shan ruwan gishiri ne suka kashe su.

Me Ya Sa Yake Cizon Mutum?

Mutum ba abincin shak ba ne. Sau da yawa in farin shak ya ciji mutum sau ɗaya sai ya sake shi ya tafi. Masana suna ganin dalili biyu. Ɗaya, in ya hango mai iyo daga ƙasa, musamman wanda ke kwance bisa allon nan da suke hawan igiyar ruwa da shi, sai ya ɗauka sil ne. Biyu, shak ba shi da hannu, in ya ga baƙon abu da baki yake taɓawa. Sai dai taɓawar mai haƙora irin nasa ta isa ta tsinke jijiya, jini ya ƙare kafin a kai mutum asibiti.

Tsoron da duniya ke yi masa yana da tarihi. A Yuli 1916, a jihar Niyu Jasi ta Amurka, aka ciji mutum biyar cikin kwana 12, huɗu suka mutu, jaridu suka yi ta yayatawa. A 1975 kuma aka fito da wani fim mai suna Jaws, labarin farin shak mai farautar mutane, har waɗansu suka daina shiga teku. Peter Benchley, wanda ya rubuta littafin da aka yi fim ɗin daga gare shi, daga baya ya koma yana kiran mutane su daina karkashe shak. Hotunan da yaranmu ke gani a waya jikokin fim ɗin nan ne, da yawansu ma haɗa su aka yi da kwamfuta.

Ga abin da lissafi ya nuna. Akwai wani ofishi a Jami'ar Fulorida mai riƙe da rajistar cizon shak na duniya duka, rajistar da aka fara tun 1958. A 2023 sun rubuta mutum 69 waɗanda shak ya ciza ba tare da sun tsokane shi ba, 10 suka mutu. A 2024 mutum 47, huɗu suka mutu. Wannan fa duniya ce gaba ɗaya, inda miliyoyin mutane ke shiga teku kowace rana.

'Yan'uwansa A Ƙasarmu

Kada ku ce labarin nan bai shafi Arewa ba ko kaɗan. Wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, bisa lissafin masana duwatsu, wani hannun teku ya ratso ta inda hamadar Sahara take yanzu, ya rufe ƙasar Sakkwato da wani yanki na Nijar. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, a ƙarƙashin tekun nan ta taru. Kun tuna na ce shak yana zubar da haƙora dubbai? Guringuntsi ruɓewa yake yi, amma haƙori yakan zama dutse. Wajen Wurno da Dange an tsinci irin haƙoran nan cikin ƙasa, kuma a 1934 wani masani na gidan ajiye kayan tarihi na London, Errol White, ya wallafa bayanin kifayen dā na lardin Sakkwato. Ashe inda Bafillatani ke kiwo yau, shak ya yi iyo a wurin.

Har yanzu kuma akwai ɗan'uwansa mai rai a kogunanmu, shi ne kunamar ruwa. Ita ma guringuntsi ne jikinta, sai dai shimfiɗe take kamar faifai, faɗinta wajen inci 16, da doguwar wutsiya kamar bulala. Ana samunta a Binuwai da Kwara. Masana sun sa mata suna a 1962, da sunan garin Garwa na Kamaru inda suka same ta. Tsutsotsin ƙwarin ruwa take ci, ba ta bin kowa da faɗa. Amma takan kwanta cikin yashi a wurin da ba zurfi, in mutum ya taka ta sai ta kaɗo wutsiya ta soke shi da wata ƙaya mai dafi, ciwon kuwa ba dama. Dabarar masu shiga irin ruwan nan ita ce jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, don in ta ji motsi ta gudu. Dā tana da yawa, yanzu ta yi ƙaranci har an sa ta cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu.

Wani ɗan'uwan kuma shi ne mai zarto, wanda hancinsa dogo ne da haƙora dama da hagu. Dā yana da yawa a bakin kogunan Afirka ta Yamma, yanzu sai a daɗe ba a ga ɗaya ba. Wanda ya taɓa riƙe kuɗin sefa na Nijar ya duba tambarin da ke jiki. Siffar kifin nan ce, an ɗauko ta daga ma'aunin zinariya na mutanen Akan.

Wa Ya Fi Cin Wani?

In shak yana kashe mutum biyar ko goma a shekara, mutane fa nawa suke kashewa? Wani lissafi da masana suka fitar a 2013 ya ce wajen miliyan 100 kowace shekara. Waɗansu don nama, waɗansu tsautsayi ne ya kai su cikin taru, waɗansu kuwa don fiffikensu, wanda ake yin wata miya mai tsada da shi a ƙasar Sin. Akan yanke fiffiken a jefar da kifin cikin teku da ransa. A 2021 aka ba da rahoto cewa kashi ɗaya cikin uku na irin shak da danginsa suna cikin haɗarin ƙarewa.

Dalilin da ya sa abin ya yi musu tsanani shi ne jinkirin haihuwa. Tarwaɗa takan zuba ƙwai dubbai a damina ɗaya. Shak kuwa, ko da yake waɗansu suna yin ƙwai, yawancinsu haihuwa suke yi, 'ya'ya kaɗan, bayan doguwar goyon ciki, akwai ma irin da ke yin kusan shekara biyu da ciki. Garken da ake yanka shi fiye da yadda yake haihuwa, kowane makiyayi ya san ƙarshensa. Kuma shak yana da amfani, don shi ke rage marasa lafiya da raunana cikin kifaye, ya hana wani iri yin yawa har ya cinye abincin sauran.

Abin Da Ya Cancanci Tsoro

Yanzu mu komo gida mu ɗora abubuwan da ke kewaye da mu a kan ma'auni ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a duniya, yara da matasa ne suka fi yawa a ciki. A Yuni 2023, wajen Pategi, kusa da inda ruwan Kauru ke shiga Kwara, jirgin ruwa ya kife da masu dawowa daga biki, fiye da mutum 100 suka rasu a dare ɗaya. Shak na duniya duka sai ya yi shekara goma ko fiye bai kashe adadin nan ba. Hukumar ta ce saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, manomanmu kuwa sun san kububuwa. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe kusan mutum 600,000 a 2023, kusan kashi ɗaya cikin uku 'yan Nijeriya ne. Ga kuma tsargiya, mai sa yara fitsarin jini, wadda ƙwayarta ke fitowa daga 'yar katantanwar da ke kwance cikin kududdufi da rafi, ta shiga ta fatar mai wanka. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

To, ga abin da nake ba 'yan'uwana shawara mu yi in yara suka kawo mana tambayar shak, don lalle za su kawo. Kada mu kore su, tambaya ce mai kyau. A fita da su filin makaranta da igiya da ma'auni. A auna ƙafa 40 a ja layi, a ce ga giwar shak. A auna ƙafa 20, ga farin shak. A auna ƙafa 10, ga bijimi. A auna inci 8, ga auta. Yara su kwanta kai da ƙafa su ga mutum nawa ne tsawon kowanne. Wannan lissafi ne da kimiyya da labarin ƙasa a darasi ɗaya. Sa'an nan a tambaye su wanne ya fi haɗari. Za su nuna babban, sai a ba su labarin abin da yake ci.

In an komo aji, a rubuta a allo: shak, ruwa, maciji, sauro. A sa adadin da kowanne ke kashewa a gabansa, a bar yara su jera su da kansu. Daga nan sai a yi musu ƙa'idodi waɗanda za su riƙe. Kada a shiga rafi in ya kawo, ko da sama ta washe, don ruwan da aka yi a kan duwatsu yakan sauko ba sallama. Kada yaro ya je wanka shi kaɗai. In wani yana nutsewa, a miƙa masa gora ko igiya a yi kururuwa, kada wanda bai iya ruwa ba ya faɗa. Kada a shiga kwalekwalen da ya cika fiye da kima, kuma a sa rigar ceto in akwai. A kwana cikin gidan sauro. Wanda maciji ya sara a kai shi asibiti nan da nan, kada a tsaga wurin. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya faɗa, akwai magani.

Na gwada darasin igiyar nan da 'yan aji biyar kafin in baro Kauru. Yaron da ya yi tambayar shi ya riƙe bakin igiya. Da muka jera sunayen a allo, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Malam, ashe sauro ne shak ɗinmu." Na ce masa, "Da shi da rafin da na gan ka ciki ran nan." Aji ya fashe da dariya, shi kuwa ya sunkuyar da kai.